Tafiya da Haƙoran Roba: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Kama Hanya

Mutane da yawa da ke amfani da haƙoran roba ba su da wata damuwa muddin suna gida. Sun san inda kofin ajiyarsu yake, sun san abincin da bakinsu ke iyawa, in kuma haƙorin ya motsa babu wanda zai gani sai iyali. Damuwa tana farawa ne ranar da tafiya ta kama: bikin jika a Jos, ta'aziyya a Zariya, sarin kaya a Kantin Kwari, ko kuma kujerar Hajji ta samu. Daga nan sai tambayoyi su taso. Ina zan cire shi ba tare da an gan ni ba? Me zan ci a hanya? In ya karye a garin da ban san kowa ba fa?

Akwai dattawan da wannan fargaba ke sa su fasa tafiya, akwai kuma waɗanda ke tafiya su wuni da yunwa don gudun jin kunya. Babu wanda ya kamata ya shiga ɗaya daga cikin biyun. Haƙoran roba ba sa hana tafiya, amma suna bukatar ɗan shiri, kuma akwai haɗari guda biyu ko uku da gara ka san su tun kana gida. Bayanin da ke tafe ya shafi mai cikakken saiti, wato wanda babu haƙori ko ɗaya a sama ko a ƙasa, da kuma mai ɗan guntu na cike giɓi, mai haƙori ɗaya ko biyu ko fiye.

Me ya sa tafiya ke canja lamarin?

Haƙorin roba na sama yana zama ne saboda ya kwanta daidai a kan ganɗa da dasashi, sannan siririn yawu da ke tsakaninsu ya riƙe shi, kamar yadda jiƙaƙƙun faranti biyu ke manne wa juna. Na ƙasa ba shi da wannan faɗin wurin kwanciya, harshe da kumatu ne ke taimaka masa, shi ya sa ya fi saurin rawa. Ɗan guntu na cike giɓi kuwa yana dogara ne da haƙoran da suka rage, wani da ƙugiyar ƙarfe, wani kuma babu ƙugiya sam.

Tafiya tana taɓa duk waɗannan. Baki yana bushewa saboda ƙarancin shan ruwa da iskar hanya. Abinci yana canjawa. Barci yana ɗaukar mutum a zaune. Ruwan wanki da wurin keɓewa suna wuya. Ga kuma nisa da likitan da ya yi maka haƙorin. Wanda ke Doguwa ko Riruwai ya san cewa ko zuwa birnin Kano ma tafiya ce ta awanni, balle a ce matsalar ta same shi a wata jiha ko wata ƙasa.

Kafin ranar tafiya

In tafiyar mai nisa ce ko mai daɗewa, kamar Hajji, Umara, ko zaman wata guda wurin 'ya'ya a Abuja ko Legas, ka je wurin likitan haƙori mako huɗu zuwa shida kafin ka tashi. Wannan tazara tana ba da damar a gyara abin da ke bukatar gyara, ka gwada shi a gida, ka koma in bai zauna ba. Ka tambaya a babban asibitin da ke kusa da kai, a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, ko ana duba haƙori. In aikin ya fi ƙarfin wurin, za a tura ka birni. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori da muƙamuƙi, kuma a nan ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Bayero ke koyon aiki.

Abubuwan da za ka gaya wa likita su ne: ko haƙorin yana rawa in kana magana ko tauna, ko akwai inda yake gugar ka, ko ka ga tsaga a jikinsa ko da siririya ce, ko ƙugiya ta saki. Tsagar da kake rainawa a gida ita ce ke rabewa biyu a kan tsinken tsire a tasha.

Ka sani cewa haƙorin roba da ya zauna daram shekarun baya zai iya yin sako-sako yau, ba don ya lalace ba. Bayan an cire haƙori, ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi yana lotsawa a hankali. Lotsawar ta fi sauri a watanni shida na farko, sannan ta ci gaba sannu-sannu har ƙarshen rayuwa. Rama bayan jinya ma tana sa shi ya yi yawa. Likita na iya ƙara masa shafi daga ciki don ya sake kama dasashi. Galibi kuma bayan shekara 5 zuwa 10 ana bukatar sabo.

Kada ka karɓi sabon haƙori ana gobe tafiya. Sabon saiti yana bukatar makonni kafin baki ya saba da shi: yawu yana ƙaruwa, wasu haruffa suna wuyar faɗa, kuma kusan kullum sai an koma an ɗan rage inda yake ciwo sau ɗaya ko biyu. Maniyyaci da ke son sabo ya fara batun wata biyu zuwa uku kafin a fara jigila. In an yi maka sabo, kada ka yar da tsohon. Ka wanke shi, ka tafi da shi a matsayin na ko-ta-kwana.

Kayan da za ka haɗa

Ba kaya ne masu yawa ko tsada ba, kuma duk za su shiga ƙaramar jaka ɗaya:

1. Mazubi mai tauri mai murfi da ke rufewa sosai, wanda haƙorin zai nutse a ciki. Ka rubuta sunanka da lambar wayarka a jikinsa.
2. Buroshi mai laushi wanda ka ware don haƙorin roba kaɗai.
3. Ɗan sabulun ruwa marar ƙamshi mai ƙarfi, ko ƙwayoyin jiƙa haƙoran roba da ake samu a manyan kantunan magani.
4. Buroshi da man goge baki na haƙoranka na asali, in kana da saura.
5. Man liƙa haƙorin roba, in dama kana amfani da shi.
6. Ƙaramin tawul mai tsafta da ƙaramin madubi.
7. Ruwan sha mai tsafta, na gora ko na leda.
8. Tsohon haƙorinka, in akwai.

Wannan jaka ta zauna a jikinka. Kada ta shiga but, kada ta hau saman mota tare da buhuna, kada kuma ta bi babban akwati a filin jirgi. Kaya na iya yin gaba ko su makara, ka sauka babu abin da za ka ajiye haƙorinka a ciki. Haka kuma kada ka bar mazubin a gaban mota inda rana ke duka. Robar da ake yin haƙorin da ita tana lanƙwashewa da zafi mai tsanani, in ta lanƙwashe kuwa ba ta komawa yadda take.

A cikin mota

Abu uku ne ke jawo matsala a mota: barci, amai, da shan magani.

Barci. In cikakken saitinka ya zauna daram, ɗan gyangyaɗi a zaune ba abin tsoro ba ne. Amma in naka ɗan ƙarami ne mai haƙori ɗaya ko biyu, musamman marar ƙugiya, ko kuma yana rawa, to ka cire shi ka sa a mazubi kafin ka bar barci ya ɗauke ka. Mai barci ba ya iya riƙe abu da harshe, kuma birki ɗaya ko rami ɗaya ya isa ya tura shi maƙogwaro. Doguwar hanya irin wadda ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta bi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka da Jos, wuri ne da fasinja ke yawan barci, kuma akwai tsawon tafiya da babu babban asibiti kusa.

Amai. In kana cikin masu jin tashin zuciya a mota, ka cire haƙorin da zarar ka fara jin alamar. Mutane da dama sun rasa nasu a cikin leda ko ta tagar mota. Bayan aman, ka kurkure baki da ruwa sosai kafin ka mayar. Ka kuma lura cewa yawancin magungunan hana amai na tafiya suna sa barci kuma suna busar da baki, wato suna ƙara haɗarin da muka ambata a sama.

Shan magani. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro a Najeriya sun daɗe suna ganin mutanen da ƙaramin haƙorin roba ya maƙale musu a bututun abinci, kuma sau da yawa lamarin na faruwa ne lokacin haɗiyar ƙwayar magani da ruwa, ko cin abinci, ko barci. Mutum ya ɗaga kai, ya kwankwaɗi ruwa da ƙarfi, haƙorin ya bi. In naka yana motsi, ka cire shi kafin ka sha magani, kuma kada ka sha lokacin da mota ke cikin gargada.

Abincin hanya

Tashoshinmu cike suke da abubuwan da ke ba haƙorin roba wahala: rake, gasasshiyar masara, kilishi, tsire mai jijiya, ƙuli-ƙuli, aya, goro, da busasshen dabino. Masu tauri suna iya tsaga shi. Masu danƙo, irin su alewa da cingam, suna ɗaga shi daga dasashi. Masu ɓarɓashi, kamar gyaɗa da riɗi da yajin ƙuli, suna shiga ƙarƙashinsa su riƙa sukar dasashi har su yi miki.

Wannan ba ya nufin ka zauna da yunwa. Mai ciwon suga musamman bai kamata ya tsallake abinci don kunya ba, domin sugansa na iya faɗuwa in ya sha magani bai ci ba. Abin da ya fi sauƙi a hanya shi ne koko ko kunu, fura da nono daga wuri mai tsafta, dafaffen ƙwai, alala, shinkafa da wake da suka nuna sosai, tuwo da miya, dankali, ayaba, gwanda, kifi da aka cire wa ƙaya, da burodi da aka jiƙa a shayi.

In kana son nama, ka ce mai nama ya yanka maka ƙanana ƙwarai. Kada ka gatsa da haƙoran gaba, domin hakan yana ɗaga bayan haƙorin ya sake shi. Ka sa ƙaramar loma, ka raba ta gefen dama da hagu, ka tauna da ɓangarorin biyu a tare a hankali. Mai cin goro ya yanka shi siri-siri ko ya daka, ya kuma sani cewa goro da shayi da taba suna rina roba.

Ka yi hattara da shayi mai zafi. Robar da ta rufe ganɗa tana hana ka jin zafin abu da wuri, sai ya kai maƙogwaro ka ji ƙuna. Ka fara taɓawa da leɓe.

Bayan kowane cin abinci, in da hali, ka keɓe ka cire haƙorin ka ɗauraye shi, ka kurkure baki. In babu hali, ka guntsi ruwa ka wuya da shi a baki. Abu ɗaya da ba a yi shi ne naɗe haƙori a takarda ko tishu ko leda a ajiye gefen kwano. Ta haka ne aka fi yin asararsa, domin mai kwashe kwanuka zai ɗauka shara ce.

Bushewar baki

Tunda yawu ne ke riƙe haƙorin sama, busasshen baki yana sa shi ya saki, ya kuma riƙa gugar dasashi. A hunturu iska ce ke busarwa, a bazara zufa ce. Matafiya da yawa, musamman mata da dattawa, suna ƙin shan ruwa don kada fitsari ya matsa musu direba bai tsaya ba. Wasu magungunan hawan jini, na mura da ƙaiƙayi, da na kwantar da hankali su ma suna rage yawu.

Maganin shi ne kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, maimakon shanye leda biyu a lokaci ɗaya. Ka rage lemon kwalba da alewa mai suga, domin suna cinye haƙoran da suka rage, waɗanda su ne ginshiƙin na robar. Kada ka daina shan maganin da likita ya rubuta maka saboda bushewar baki. Ka gaya masa, wataƙila a canja maka wani.

A masauki

Sau ɗaya a rana aƙalla, ka wanke haƙorin da buroshi da sabulu, ciki da waje, musamman ɓangaren da ke kwanciya a kan dasashi. Ka yi wankin a kan kwano mai ruwa ko a kan tawul da aka ninka, domin in ya suɓuce ya faɗi a kan siminti ko tayil zai iya fashewa. Kada ka wanke shi a tsaye a bakin masai ko kwata. Haka ma wurin alwala: in yana rawa, ka tofar da ruwan kurkura a hankali, ko ka riƙe shi a hannu.

Abubuwan da ba a wanke shi da su: tafasasshen ruwa, toka, gawayi, yashi, soson ƙarfe, da man goge baki na yau da kullum. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa roba, sauran kuma suna kankare ta su bar ƙananan ramuka da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa. Ruwan bilic yana cin ƙugiyar ƙarfe, yana kuma koɗar da launi. Asuwaki yana da kyau ga haƙoranka na asali, amma kada ka kankare na roba da shi. Ruwan da za ka yi amfani da shi ya zama wanda za ka iya sha.

Da dare ka cire shi. Mun san a gidan biki ko gidan makoki, inda mutum goma ke kwana a ɗaki ɗaya, wannan yana da nauyi. Amma dalilin yana da ƙarfi. Dasashin da aka rufe dare da rana yana kamuwa da wata ƙwayar cuta mai suna kandida, sai ganɗa ta yi ja, wani lokaci gefen baki ya tsage. Masu ciwon suga sun fi kamuwa. Sannan wani bincike da aka yi a Japan a kan tsofaffi 'yan shekara 85 zuwa sama, wanda aka wallafa a 2015, ya gano cewa masu kwana da haƙoran roba sun ninka waɗanda ke cirewa wajen haɗarin kamuwa da nimoniya mai tsanani. Ƙwayoyin cutar da suka taru a jikin robar ne ke bin numfashi zuwa huhu.

Dabarar mai sauƙi ce: ka shiga banɗaki da 'yar jakarka kafin kwanciya, ka cire, ka wanke, ka sa a mazubi da ruwa mai sanyi, ka rufe, ka mayar jaka. Da asuba ka sake shiga da ita. Babu wanda zai san abin da ke ciki. Kada ka bar shi a buɗaɗɗen kofi inda yara za su ɗauka ko a zubar da ruwan cikin duhu. Kafin ka kwanta, ka goge dasashi da harshe da ganɗa da buroshi mai laushi ko tsumma mai tsafta.

In kana amfani da ƙwayar jiƙawa, ka ɗauraye haƙorin sosai kafin ka mayar baki. Ba a haɗiyar ƙwayar, ba a kurkure baki da ruwanta, domin tana ƙona baki da maƙogwaro. Ka ajiye ta nesa da magungunan sha, saboda dattijon da idonsa ya yi rauni zai iya ɗauka magani ce.

Batun man liƙawa

Man liƙa haƙorin roba yana ƙara kwanciyar hankali ranar taro ko doguwar tafiya. Ɗigo uku ko huɗu ƙanana a kan haƙori mai tsafta sun isa. In yana tsattsafowa ta gefe, ka sa da yawa. Kowane dare a wanke ragowarsa daga roba da dasashi.

Amma man ba ya maye gurbin gyara. In sai ka shafa sau biyu ko uku a rana kafin haƙorin ya zauna, to likita yake bukata. Wasu nau'o'in man suna ɗauke da sinadarin zinki, kuma yawan amfani da su na tsawon shekaru yana rage sinadarin tagulla a jiki, abin da ke iya lalata jijiyoyi har ƙafafu da hannaye su riƙa dindiris ko rauni. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka, ta kuma bayyana cewa bututu mai kimanin giram 68 ya kamata ya kai mai saiti na sama da ƙasa mako 7 zuwa 8. In naka yana ƙarewa cikin mako ɗaya ko biyu, ka wuce ƙa'ida.

Jirgin sama, Hajji da Umara

A wurin bincike na filin jirgi, irin na Malam Aminu Kano, ba a bukatar ka cire haƙorin roba. Ko mai ƙugiyar ƙarfe ba kasafai yake tayar da na'ura ba. In ya tayar, ka gaya wa jami'in cikin natsuwa. Dokar da aka saba da ita a jiragen ƙasa da ƙasa ita ce duk wani ruwa ko mai da ke jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100, kuma man liƙawa da sabulun ruwa suna cikin wannan lissafi. Ƙwayoyin jiƙawa busassu ne, dokar ba ta shafe su ba. Ka tafi da mazubinka babu ruwa, ka zuba bayan an wuce bincike. Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, saboda haka ka riƙa karɓar ruwa. Kada ka taɓa ajiye haƙori a kan tiren abinci ko aljihun kujera.

Kwanakin Mina da Arfa da Muzdalifa su ne mafi wuya: cunkoso, layin banɗaki, da zafi. A aikin Hajjin 2024 zafin Makka ya haura digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, kuma fiye da mutum 1,300 suka rasu, yawancinsu saboda zafi. A irin wannan yanayi shan ruwa batun rai ne, ba na haƙori kaɗai ba. Ka sa mazubi da buroshi a ƙaramar jakar da ke rataye a jikinka, ka wanke haƙorin da ruwan gora a kan tawul a gefen shimfiɗarka in banɗaki ya cika. Sabulu marar ƙamshi ya fi dacewa da mai harami. Hukumar alhazai ta ƙasa tana tafiya da tawagar likitoci, ka neme su in baki ya yi miki. Amma yin sabon haƙori aiki ne na zuwa da dawowa sau da yawa, ba abin da za a dogara a yi a can ba ne.

Sai batun haƙorin Makka. In kana da haƙorin roba mai ƙugiya, kada ka bari a sa wa haƙorin da ƙugiyar ke kamawa hular zinare ko azurfa, domin siffarsa za ta canja, na robar ya daina shiga. Kuma duk inda za a taɓa maka baki da kayan aiki, ka tabbata wurin ƙwararru ne masu tsaftace kaya, saboda cutar hanta nau'in B da C suna bin jini a jikin kayan da ba a dafa ba.

In ya karye, ya ɓace, ko ya ji maka ciwo

In ya karye, ka tattara gutsattsarin duka ka sa a mazubi. Sau da yawa ana iya haɗa shi a ɗakin aikin haƙori cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada ka liƙa da Super Glue ko wani gam: yana ƙona dasashi, yana narkar da bakin karayar, kuma yana sa gyaran ya gagara. Kada ka sa karyayyen haƙori a baki, guntu na iya ɓallewa ka haɗiye. Kada ka lanƙwasa ƙugiya da filaya, kada ka goge inda ke ciwo da wuƙa ko reza ko zarto.

In wani wuri ya yi miki, ka riƙa cire haƙorin duk lokacin da ba ka cin abinci ko ganawa da mutane, ka kurkure da ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, sau uku ko huɗu a rana. Farasitamol zai rage ciwon. Kada ka ɗora asfirin ko wata ƙwaya a kan dasashi, ƙuna take yi. Duk mikin da ya wuce mako biyu bai warke ba, ko wani kumburi, ko fari ko jan tabo da ba ya tafiya, dole likita ya gani, domin ciwon daji na baki yana iya farawa da haka, musamman ga masu shan taba.

Gaggawa: in an haɗiye ko an shaƙe

Wannan ne ɓangaren da muke so kowa a gida ya riƙe.

In mutum ya shaƙe, ba ya iya magana ko tari ko numfashi, a sunkuyar da shi gaba, a buga tsakanin kafaɗunsa da ƙarfi da tafin hannu har sau 5. In bai fito ba, a tsaya bayansa, a dunƙule hannu a saman cibiya, a ja ciki da sama da ƙarfi har sau 5. A riƙa maimaitawa ana neman hanyar asibiti. In yana iya tari, a bar shi ya yi ta tari. Kada a cusa yatsa a laluba abin da ba a gani.

In kuwa ya haɗiye, yana numfashi amma yana jin abu ya tokare a wuya ko ƙirji, haɗiya tana ciwo, ko yawu na zuba, to kada a ba shi lomar tuwo ko ayaba ko burodi don a tura abin. Kada a ba shi manja, kada a sa shi amai. Gefen robar da ƙugiyar na iya huda bututun abinci, wannan kuwa yana kisa. Kada ya ci ko ya sha komai, a wuce da shi babban asibitin da ke da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar Asibitin Malam Aminu Kano, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Jos, gwargwadon wanda ya fi kusa. A gaya wa likita ƙarara cewa haƙorin roba ne. Robar ba ta cika fitowa a hoton eksire ba in babu ƙarfe a jikinta, saboda haka hoton da bai nuna komai ba bai isa a koma gida ba in alamun suna nan. Jinkirin kwanaki yana sa cirewar ta ƙara wuya da haɗari.

Ga 'yan uwa masu rakiya

In kuna raka Baba ko Inna ko Hajiya, ku ne za ku sauƙaƙa musu. Ku tambaya a keɓe ko an ɗauko mazubi. Ku zaɓo abinci mai laushi ba tare da kun yi shela ba. Ku nemo musu ruwa da wurin keɓewa a masauki. In hannunsu na rawa ko ido ya yi rauni, ku karɓi wankin. Dattijo mai mantuwa ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ya fi kowa haɗarin haɗiye haƙori, ku riƙa dubawa bayan cin abinci da kafin barci. In ya fara ƙin abinci a tafiya, ku duba bakinsa. Sau da yawa miki ne yake ɓoyewa.

Kai kuma mai haƙorin, ka bari aƙalla mutum ɗaya cikin abokan tafiyarka ya sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In hatsari ya faru ko ka suma, sanin cewa akwai haƙorin roba a bakinka zai sa a cire shi in ya saki ko ya karye, kafin ya toshe hanyar numfashi. Haka kuma in aka kwantar da kai a asibiti ko za a yi maka tiyata, ka gaya wa ma'aikata tun kafin su tambaya.

Rasa haƙori ba abin kunya ba ne, kuma yawancin mutanen da kake gaisawa da su ba sa lura da abin da ke bakinka. In haƙorin ya ɗan motsa kana magana, ka rufe baki, ka cije a hankali, ka haɗiyi yawu, zai koma wurinsa. In tari ko atishawa ko dariya ta zo, ka kare baki da hankici. Wanda ya duba haƙorinsa wurin likita kafin tafiya, ya riƙe 'yar jakarsa a jiki, ya cire da dare, ya kuma san abin yi in an haɗiye, ya gama shirin da ake bukata. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.